Hannayen Riga Talatin da Shida

Ranar Alhamis da safe aka tarar da rigunan ƙwallon kwalejin babu hannuwa. Goma sha takwas ne, sababbi, shuɗi da fari, an jera su a kan benci a ɗakin sauya kaya, ninke tsaf kamar daga wurin mai guga suka fito. Kowace an cire mata hannu biyu daga kafaɗa. Ba a taɓa ƙirji ba, ba a taɓa lambar baya ba, ba a ɗauki ko safa ɗaya ba.

Da wata ƙungiya ce da an yi dariya an wuce. Amma dokar gasar ta ce ƙirjin riga na makaranta ne, ba a sa masa talla. Shi ya sa kamfanin kaji na Nujaima, wanda ya ɗauki nauyin ƙungiyar, ya sa aka ɗinka riguna masu dogon hannu a garin da ƙarfe ke ƙona tafi tun da hantsi, ya rubuta sunansa daga kafaɗa har wuyan hannu, da zanen jan zakara. Hannayen nan kamfanin ya saya. Su ne kuma suka ɓace, ana saura kwana biyu wasan ƙarshe.

Kafin azahar duk Bahaushen da ke unguwannin Malaz da Dira a birnin Riyadh ya san wanda ya yi. Jibirilla ne, mai sharar zauren wasanni, wanda makulli ke hannunsa. Shekara huɗu ya yi yana fiɗar kaji a Nujaima kafin su sallame shi, kuma tun daga ranar bai taɓa jin sunan kamfanin ya fasa tofar da yawu ba.

Hajiya Turai, mai tuwon Dira, ita ta kira Sambo a waya.

Sambo mai gadi ne a wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Kafin ya zo Riyadh, can ƙasar Gobir, shi ake tasowa idan an kore shanu, domin ya gaji bin sawu wurin ubansa. A nan kuwa shekara goma sha tara ke nan ba abin da aka sa shi nema sai makullin mota da kyanwar matar maigida. Turai ta gaya masa cewa Mu'azzam, jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, ya rantse gobe Juma'a bayan la'asar zai kai ƙarar Jibirilla wurin 'yan sanda. Sambo bai nemi ƙarin bayani ba. Ƙara ta shiga, kafilin da ya tsaya wa mutum ya zare hannu, iƙama, takardar izinin zama, ta mutu, a sa mutum a jirgi da kayan jikinsa. Jibirilla kuwa 'ya'ya biyar ya bari a Gusau, da tsohuwa mai ciwon suga.

Sai ta ƙara da cewa ita aka ba girkin walimar bayan wasa, saboda haka ya nemo gaskiya, amma kada ya ɓata wa kamfani rai. Sambo ya ce zai duba ko su biyun hanyarsu ɗaya.

* * *

Da ya isa zauren a Malaz, mutum ya fi talatin a ciki. 'Yan wasa, da abokan 'yan wasa, da direbobi biyu marasa aikin yi, da wani malamin lissafi da ke bayanin yadda ɓarawon ya shigo ta taga. Tagar ba ta buɗuwa. Kowa ya ɗaga rigunan, kowa ya ɗauki hoto, wani ma ya gwada ɗaya a jikinsa. Sambo ya tsaya ya dubi daɓen. Da garken shanu aka koro ta nan da ya fi samun abin karantawa.

Ya tambaya ko akwai wata ƙofa. Aka ce akwai ta baya, amma ba mai bin ta, domin ana gini a wajen kuma garin siminti na ɓata takalmi. Kyamarar wurin ma an cire ta saboda ginin. Sambo ya gode wa Allah da Ya halicci masu son takalmansu.

A can ya sami abin da ya zo nema. Maza biyu sun yi ta shiga da fita ɗauke da kaya masu nauyi, ɗaya da silifa, yana jan ƙafar hagu. Wannan Jibirilla ne, kowa ya san ɗingishinsa. A kan sawunsu kuma wani ya taka daga baya, da takalmin roba mai dogon wuya, irin na masu aiki cikin ruwa. Sambo ya tsuguna. Takalmin babba ne amma takun gajere, bai wuce kamu ɗaya ba. Diddige ya nutse, tsakiya ta nutse, gaban kuwa ko garin bai danne ba. Ƙafar da ke ciki ta ƙare tun kafin takalmin ya ƙare.

Abin da ya fi tsayar da shi yana dokin ƙofa. Mai takalmin bai tsallaka kai tsaye ba. Ya haɗa ƙafafu biyu wuri ɗaya, ya buga su sau biyu, sannan ya shiga. A ƙofar ɗakin sauya kaya ma farin sawun ya nuna haka, a ɗan gefen da ƙafar jama'a ba ta kai ba. Sambo ya bi sawun ɓarayi, ya bi na mahaukata, ya bi na raƙumi mai ƙafa uku, bai taɓa ganin mai yi wa ƙofa irin wannan gaisuwa ba. Ya jawo baron magina ya kife a kan wurin, ya ce duk wanda ya taɓa, shi ya yanke rigunan.

Sannan ya duba yankan. Ba almakashi ba ne. Wuƙa ce ta shiga ta hammata, ta zagaye kafaɗa, ta fito. Ja ɗaya, sau talatin da shida, ba wanda ya kauce daga ɗan'uwansa.

* * *

Kamil, kyaftin ɗin ƙungiyar, ɗan Kano mai karatun injiniya, ya riga ya gama nasa binciken. 'Yan kwalejin da za su kara da su ne suka aiko, don a karya musu gwiwa. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabcin littafi don maganar ta ƙara nauyi. Sambo ya tambaye shi me zai sa maƙiyi ya tsaya ninke riga bayan ya yanke ta. Kamil ya ce ai yaƙin ƙwaƙwalwa ke nan.

Wani ɗan wasa ya raɗa wa Sambo cewa Kamil ɗin kansa sun yi cacar baki da Mu'azzam makon jiya, ranar da aka sa su ɗaukar talla, kowa riƙe da cinyar kaza yana kaɗa gwiwar hannu kamar zakara. Kamil bai musa ba. Ya ce ya yi fushi, ya kuma kaɗa, domin su bakwai ne kamfanin ke biya wa makaranta, shi kuma shekara ɗaya ta rage masa.

Sambo ya ari wuƙa wurin magina, ya miƙa masa da wata tsohuwar rigar atisaye, ya ce ya cire mata hannu. Kamil ya yi ta gurza har ya kusa cire nasa yatsan. Sambo ya karɓe wuƙar ya ce ya je ya yi ƙwallo.

Ana haka Mu'azzam ya iso cikin farar jallabiya, da wayoyi biyu. Ya ba Sambo hannu, idonsa na kan waya. Ya ce shi ma Bahaushe ne, abin ba daɗi yake masa ba, amma manyansa na son suna kafin Asabar.

"Baba, wannan ba maganar riga ba ce. Brand ɗinmu aka yanka."

Ya ce kamfanin da ke ɗauke da 'ya'yanmu a makaranta bai cancanci butulci ba, kuma mutum ɗaya ne a zauren nan ke da makulli da ƙullaci a lokaci guda. Sambo ya tambaye shi ko ya taɓa shiga wurin da ake yanka kajin. Mu'azzam ya ce ofishinsa a cikin gari yake.

* * *

Jibirilla na zaune a ɗakin ajiye tsintsiya, an karɓe masa makulli. Sambo ya kira shi ɗakin sauya kaya, ya tsaya daga ciki yana kallonsa. Jibirilla ya taho yana ɗingishi. Da ya iso dokin ƙofa sai ya haɗa ƙafafunsa, ya buga sau biyu, ya shigo.

Sambo bai ji daɗin abin da ya gani ba.

"Me ya sa ka yi haka?"

"Na yi me, Baba?"

Bai ma san ya yi ba. Sai da Sambo ya kwaikwaya masa sannan ya yi wata guntuwar dariya. Ya ce a Nujaima kowace ƙofa akwai faffaɗan kasko na ruwan magani a ƙasa. Sai ka tsoma ƙafa biyu ka buga sau biyu kafin ka wuce, in ka manta a aske maka kuɗin rabin yini. Ƙofa tara ce daga bakin get zuwa ɗakin yanka. Shekara uku da barinsa wurin, amma har a ƙofar masallaci ƙafafunsa kan yi da kansu.

Ke nan mai takalmin roba daga can ya fito. Da Mu'azzam ya ji wannan da ya gama rubuta ƙararsa a tsaye. Sambo ya bar maganar a cikinsa, ya tambayi yadda Laraba ta wuce. Jibirilla ya ce wajen la'asar Maulud direba ya kawo katan-katan na kajin walima, suka shigar da su firiza ta ƙofar baya. Aka tayar da salla, suka bar ƙofar a buɗe suka tafi masallaci. Da suka dawo ya kulle, bai leƙa ɗakin sauya kaya ba.

Sambo ya ɗauko riga ɗaya ya nuna masa kafaɗar. Jibirilla ya daɗe yana kallo, ya bi yankan da babban yatsa.

"Yankan fiffike ne," ya ce, sannan ya rufe baki kamar wanda ya tuna yana azumi.

Sambo ya tambaye shi su wa ke yanka fiffike a can. Ya ce bai sani ba. Shekara huɗu yana wurin bai sani ba? Ya ce ya manta. Sambo ya tuna masa da jirgi, da 'ya'ya biyar, da tsohuwa. Jibirilla ya ce jirgi na Allah ne, 'ya'yan ma na Allah ne.

Sambo ya fito yana huci. Ya saba da ɓarawo mai share sawunsa da reshe. Yau ne ya fara ganin wanda za a yanka yana share wa wani.

* * *

Da hantsin Juma'a ya sami Maulud a wani lungu a Dira yana wanke mota. Ba motar kaya ba ce. Bas ce ta ɗan kwangilar da ke kawo wa Nujaima mata ma'aikata. Kamfanin da ya iya aikawa ƙasar waje a ɗinko masa riguna bai ga dalilin ɗaukar motar kaya don katan ashirin ba, sai aka cusa su ƙarƙashin ƙafafun matan bayan an tashi daga aiki.

Maulud ya ce su goma sha huɗu ne a motar ranar Laraba. Ko wata ta sauka? Shi yana salla. Sambo ya ci gaba da tsayuwa a inda yake tare masa hanyar bokiti. Can sai Maulud ya tuna cewa da ya dawo ya tarar da ɗaya tana hawa, ta ce bayi ta je nema. Wacce? Duk baƙaƙen abaya ne da niƙabi, ina zai sani.

"Wadda takalminta ke riga ta magana," in ji Sambo. "Fat, fat."

Maulud ya matse tsumman da ya riga ya bushe.

"Rahina."

Sambo ya san Rahina, matar marigayi Yacouba tela. Doguwar mace ce, sai ta sunkuya take shiga ƙofar gidajen Dira.

"Rahina ta gajarce ke nan."

"Baba, katin Rahina ne. Ni kati aka ce in duba. So kake in ɗaga wa matan mutane niƙabi?"

Sambo ya tambaye shi kati nawa ne masu su suka gajarce haka. Maulud ya ce ruwa zai bushe masa a gilashi.

* * *

Ɗakin Rahina na saman wani tsohon bene, bayan kasuwa. A bakin ƙofa fararen takalman roba ne a kife, an wanke su. A igiyar da ta ratsa baranda kuwa hannayen riga shida ke shan iska, jan zakara na kallon titi. Ko ɓoyewa ba a yi ba. Sambo ya tsaya yana dubansu, ya tuna malamin lissafi da tagarsa.

Rahina ta amsa sallama, ta gane muryarsa, ta ce ya shigo. Ta zauna hannayenta a cinya. Yatsun sun kumbura sun lanƙwashe kamar rogon da ya kwana a ƙasa. Shekara takwas tana yanka fiffike a ɗakin sanyi, bara yatsun suka daina rufuwa. Ɗan kwangilar shi ne kafilinta, kuma dokarsa ɗaya ce: kati ya yi kwana uku bai shiga ba, ya soke shi. Sai 'yarta Hajar ta ɗauki katin, da takalmin, da wuƙar, domin a wurin ɗan kwangila waɗannan biyun na ma'aikaci ne, shi zai saya, shi zai tafi da su gida. Tun bayan Babbar Salla take zuwa. Shekararta goma sha biyu. A Riyadh aka haife ta, takardunta sun mutu tare da ubanta, makaranta ta bi bayansu.

Hajar ta kawo shayi, ta durƙusa ta gaishe shi. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fatarta duk ta tsattsage. Da ya tambaye ta zancen riguna ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta yi masa bayani rabi da Hausa, rabi da Larabci, tana ce masa Ammu, wato kawu, kamar mai koya wa tsoho abin da kowa ya sani. Teburin yanka na ƙarfe ne, ƙanƙara a ƙarƙashinsa. Manya hannunsu na wuce bakin teburin. Gajeru kuwa, ko sun hau kwando, a kan ƙarfen nan suke jingina hannu tun asuba. Hannun rigar gida kafin hantsi ya jiƙe da ruwan kaza, ya fi babu muni. Ta shiga neman bayi, ta ga riguna, ta taɓa yadin ta ji ba ya riƙe ruwa, ga roba a wuyan hannu.

"Ammu, ai ban lalata ba. Rigar tana nan, har na ninke musu. Wa ke gudu da dogon hannu a wannan zafin?"

Ya tambaye ta ko ta ga rubutun da ke jiki.

"Na gani. Sunan sharika ne, kamfaninmu. Shi ya sa na ce namu ne."

Jiya Alhamis ta raba. Su goma sha ɗaya ne 'yan mata a layin fiffike da na cinya. Masu tsayawa kusa da ƙanƙara sun sami bibbiyu, ragowar ta ba tsofaffi. Mai duba aiki ya zagayo ya ga sunan kamfani a hannun kowa, ya ɗauka sabon kayan aiki ne aka aiko daga ofis, har ya tambaya ina nasa.

Sambo ya kurɓi shayin. Sannan ya gaya wa Rahina halin da Jibirilla ke ciki. Ba ta ji ba sai yanzu. Ta aiki Hajar sayo burodi, ta jira ƙarar ƙafarta ta ƙare a matakala.

"Baba, in ka faɗi sunanta, mu biyu za a kwasa. Ita ko Najeriya ba ta taɓa gani ba."

Ya ce sunanta ba zai fito daga bakinsa ba.

"Aikin fa?"

Wannan bai yi mata alkawari ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

* * *

Bayan la'asar aka taru a zauren. Mu'azzam ya zo da ƙararsa a buge, cikin jakar leda. Turai ta zo, Kamil da 'yan wasa suka zo, malamin lissafi ya zo ba wanda ya gayyace shi. Maulud ya tsaya kusa da ƙofa. Jibirilla ya zauna a ƙasa.

Sambo ya ja su zuwa ƙofar baya ya ɗaga baron. Ya sa Jibirilla ya taka kusa da sawun, ya sa Kamil, ya sa Maulud. Ya nuna musu inda ƙafar kowa ta danne har yatsu, ya nuna inda gaban takalmin roban ya wuce bai taɓa ƙasa ba. Ya auna takun da kamu. Ya nuna ƙafa biyu a dokin ƙofa ya faɗi inda ake koyon haka. Ya ɗaga riga ya ce wannan hannun da ya yanka dubban fukafukai ne, ba hannun mai fushi ba. Mai fushi ba ya ninkewa.

Mu'azzam ya ce madalla, ashe ma'aikacinsu ne, to Jibirilla ne ya buɗe masa. Ya ciro biro ya ce a ba shi suna.

"Mai bin sawu sawu yake nunawa," in ji Sambo. "Ga shi nan. Mace ce. Ba ta wuce shekara goma sha biyu ba."

Mu'azzam ya ce wannan ƙazafi ne. Nujaima ba ta ɗaukar yara, kowane ma'aikaci da katinsa, takardu na nan a jere, in ma akwai matsala ta ɗan kwangila ce. Ya faɗa da Hausa, ya ƙarasa da Turanci.

"To kira 'yan sandan. Ni zan tsaya in nuna musu wannan. Gobe da asuba kuma ba sa buƙatata. Su shiga ɗakin yanka su duba hannaye. Duk wadda suka ga jan zakara daga kafaɗa har wuyan hannu, su tambaye ta shekarunta. Ku kuka sa musu alama da kuɗinku."

Mu'azzam ya sauke biron.

Turai ce ta fara farfaɗowa, ta ce a rufa wa juna asiri, duk mu baƙi ne a ƙasar mutane. Malamin lissafi ya ce akwai masu ƙona rumbu don su kama ɓera. Wani ɗan wasa ya tambaya ko wasan gobe na nan, Kamil ya taka masa ƙafa, sannan shi ma ya dubi Mu'azzam yana jiran amsa. Ba wanda ya tambayi su nawa ne 'yan matan.

Mu'azzam ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Ya ce kamfani zai duba lamarin a cikin gida, babu ƙara, wasa na nan, za a buga sunan a wando kafin safe. Ya ciro makullin ya ajiye a kan benci.

Jibirilla ya tashi ya ɗauka. Da ya zo wucewa ta gaban Sambo bai ɗaga kai ba.

"Da ka bari na tafi, Baba. Ni mutum ɗaya ne."

Sambo ya ce shi mutum bakwai ne in aka haɗa da Gusau. Jibirilla ya ce ya sani, ya wuce ya ɗauki tsintsiya.

A wurin ajiye motoci Mu'azzam na waya da Larabci, bai damu ya rage murya ba. Daga gobe a sa mace a bakin get, ta ɗaga kowane niƙabi ta gwada fuska da kati. Wadda ba ta yi daidai ba a mayar da ita. Mai katin da ba ta zo da kanta ba a soke katinta. A tattara hannayen rigunan, ko ɗaya kada ya rage. Ya kashe wayar, ya ga Sambo, ya ce ai ga shi an gyara, yara ba za su ƙara shiga ba, ba abin da yake so ke nan ba?

Sambo ya tari tasi.

* * *

Ya isa Dira rana na shirin faɗuwa, ya hau benen a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Ya fi so Rahina ta ji daga bakinsa, ba daga Maulud ba.

Rahina ta saurara har ya gama. Abin da ta fara tambaya shi ne Jibirilla. Ya ce an mayar masa da makulli, ba inda za shi. Ta ce alhamdu lillahi, kuma da gaske ta faɗa.

Sai ta kira Hajar ta ce ta kawo wuƙar. Ta ɗora ƙotar a tafin hannunta na dama, ta yi ƙoƙarin rufe yatsun. Biyu suka motsa, uku suka ƙi. Wuƙar ta zame ta faɗi kan tabarma. Ta sa aka ɗauko, ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa.

Sambo ya ce zai yi magana da wani likita ɗan Katsina da ya sani a asibiti. Ta ce Allah Ya saka, amma motar ƙarfe huɗu na asuba take zuwa.

Ta yago ƙyalle daga bakin wani tsohon zane da haƙori, ta miƙa wa yarinyar. Hajar ta durƙusa, ta lanƙwasa yatsun uwarta ɗaya bayan ɗaya a kan ƙotar, ta fara naɗe su da ƙyallen. Rahina ta juyar da fuska bango har aka gama. Sannan ta ɗaga hannun, ta zana yankan a iska: ta shiga ta ƙasa, ta zagaye, ta fito. Wuƙar ba ta faɗi ba.

Hajar ta kalli yadda hannun ya tafi, ta girgiza kai.

"Umma, layin ya ƙara gudu yanzu. Ba kamar lokacinki ba."

Rahina ta miƙa mata hannun.

"To ƙara ɗaurewa."